Guzurin da Hamma Bai Ci Ba

Ranar da aka fita da Hamma daga gidansa na Majiɗaɗi, ga waɗanda idona ya gani. Akwai babban ɗansa, wanda waya ba ta bar kunnensa ba har aka ɗauki makara. Akwai 'yarsa ta fari da mijinta, surukin gidan. Akwai autanmu, da ya taso daga ruga da sandarsa. Akwai liman da ladan, da tsofaffin abokan aikinsa na sakatariya. Akwai maƙwabciyarmu matar fasto, wadda ta yi ta jido ruwa ba wanda ya sa ta. Akwai matan unguwa, wasu don Allah suka zo, wasu don su ga yadda cikin ɗakin yake. Can jikin katanga kuma ga abokan hawan kekensa a tsaye, sun rasa inda za su sa kansu. Sai ni, ƙanwarsa, wadda 'ya'yansa ke kira Goggo.

Ina zaune bakin ƙofar madafa, kunnena bai bar komai ya wuce ba. Autanmu ya ce, "Mutum da jikoki, a kan keken yara! Wannan ai neman magana ne." Ɗaya daga cikin mutanen sakatariya ya kaɗa kai ya ce sun sha faɗa masa, jiki ba ƙarfe ba ne. Wata mata daga Abbare, wadda ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa ta da shi ba, ta rage murya ta ce wai tun rasuwar matarsa kansa bai koma daidai ba. Na dube ta har sai da ta gyara mayafi. Mutum ɗaya ne ya faɗi wata magana dabam, wani dogon Bamumuye cikin 'yan keken. Ya durƙusa gabana ya ce, "Mama, Baba ya fi mu duka sanin wannan aiki. Shi ne yana koya mana. Ni ban gane ba."

Ni ban shiga aji ba. Hamma kaɗai mahaifinmu ya kai boko. 'Yata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa, kuma na hana ta gyara mini magana. Abin da ya sa na sa ta zama shi ne, zancen da aka yi a zaman makoki ya zauna. Yau a unguwar nan idan aka tuna Hamma, cewa ake yi tsohon nan da ya kashe kansa da keke. Jikokinsa da haka za su tashi. Akwai abin da na sani wanda zai wanke shi daga wannan, amma ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Na riƙe har na gaji. Allah Ya yafe mini, shi ma ya yafe mini.

Bayan ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ni ma nawa mijin ya riga ya tafi, sai ya aiko aka kwaso kayana. Bai ce zo ki riƙe mini gida ba. Cewa ya yi, "Gidan ya yi mini yawa, zo ki rage shi." Na same shi da tumbi da ciwon suga, kullum a kujerar roba a ƙofar gida yana sauraron rediyo. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki. Wasu tsofaffin idan an faɗa musu haka, zagaya masallaci suke yi su dawo. Hamma bai iya yin abu rabi ba. Ya fara da tafiya, tafiya ta zama sassarfa, daga nan ya shiga zuwa kududdufin wani otal yana ninƙaya, shi da ya koyi iyo a rafi tun muna bin shanu. Rannan sai ga shi da keke, tayoyi sirara kamar tsinke, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago.

Ya ce akwai wata gasa da ake yi can kudu a bakin teku, abu uku a jere: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. Na ce, "Wa ya biyo su?" Ya ce ba kowa. Na ce, "To me ake ba wanda ya gama?" Ya ce ɗan ƙarfe ne mai igiya, a rataya a wuya. Na ce ko akuyarmu tana da wannan. Ya yi dariya har da tari. Ya je ya yi ƙaramar gasar ya dawo da ƙarfen nasa, yana nan rataye a ƙusa. Babbar yake shiri, wadda tafiyar kekenta kaɗai take cin rabin yini.

Faɗanmu na farko a kan tufafi ne. Ya fito da asuba cikin wani wando da ya manne masa a jiki, da riga mai aljihu a baya, da hular kwano. Na tsaya a bakin zaure na ce ba ta nan ba. Ya ce, "Goggon yara, iska ce take kama babbar riga." Na ce iska ta kama, mutane kada su kama. Muka yi kwana biyu ba ma magana sai gaisuwa. A rana ta uku na ga ya ɗora wando mai faɗi a kai, ya ɗaure ƙafar da roba don kada sarƙa ta ci. Sai ya wuce gidajen ƙarshe na Kona yake cirewa ya naɗe. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban ce na ci ba.

Sai ranar da aka dawo mana da shi a bayan motar doya, shi da keken, a kan buhuna. Fuska ta yi fari, magana ba ta fita. Na dama masa fura da zuma, ya shiga ɗaki ya sha, can ya dawo mutum. Ya ce, "Wuta ce ta ɗauke." Haka yake kiran abin. Ya ce mutum yana cikin tafiya lafiya lau, sai ƙafa ta zama ba tasa ba, ido ya yi duhu, kamar an kashe fitila. Ya tambayi likitansa, ya tambayi waɗanda suka riga shi, aka ce masa a doguwar tafiya ba a jiran yunwa. Daga nan ya samo maganar da ya yi ta maimaita wa yaran nan 'yan keke: a ci tun ba a ji yunwa ba, a sha tun ba a ji ƙishi ba. Shi kuma nasa ya fi na kowa tsanani, don yana shan maganin suga, idan ciki ya zama wayam maganin da kansa zai kayar da shi.

Ya sayo wani abu mai danƙo a 'yan ledoji, irin na Turawa. Na lasa na tofar. Shi ma cikinsa bai karɓa ba. Ya ce in gwada masa wani abu na gida, ƙanana, wanda zai ɗauka da hannu ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Na farkon da na yi, na zuba citta da barkono da kanumfari kamar mai kirɓa fura, don ni ban san abinci ba yaji ba. Ya dawo da wuri rannan, ya wuce ni da sauri ya nufi bayan gida. Da ya fito ya ce, "Kin kusa sa ni in san kowane daji tsakanin nan da Lau." Muka yi ta gwadawa. Ƙuli ya yi tauri, ya shaƙe shi. Man gyaɗa ya yi nauyi. A ƙarshe muka tsaya a kan dabino da aka cire wa ƙwallo, a daka da soyayyen garin gero, a sa zuma da ɗan gishiri, a mulmula kamar ƙwan zabuwa, kowanne a ledarsa. Gora biyu kuma, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan tsamiya da zuma da gishiri. Yakan leƙo madafa ya ce, "Gidan mai ya buɗe? Keken ba ya sha, tankin yana nan," ya shafa cikinsa. Nakan ce ya fita mini daga hayaƙi.

Wanda bai tashi a gidanmu ba ba zai gane nauyin abin da ke biye ba. Mu an yi mana tarbiyya da kunya. Mahaifinmu har ya koma ga Allah ban taɓa ganin bakinsa yana tauna ba. Babba ba ya ci a hanya, ba ya ci a kasuwa, ba ya ci a gaban na ƙasa da shi. Gaban suruki kuwa, ko ruwa ba ya wucewa ta maƙogwaro. Hamma ya yi boko, ya zauna a ofis, ya hau jirgi, amma wannan bai bar shi ba. Shekarun da na yi a gidansa, a rufe nake kai masa kwano ɗaki, in ja ƙofa. Wata sallah surukinsa ya shigo gaisuwa ya same shi da kofin shayi a hannu. Hamma ya zura kofin ƙarƙashin kujera, aka yi ta gaisuwa, shayin ya huce, ƙudaje suka same shi. Ko sunan yaron ba ya kira. Mijin wance yake cewa.

To mutum irin wannan ne aka ce sai ya riƙa tauna a kan titi. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya samo wa kansa hanya: ba ya taɓa aljihu sai ya fita gari, sai ya duba gaba da baya ba kowa. Idan da 'yan keke yake, sai ya ja baya, ya bar su su yi gaba. Su sun san yana ɗaukar guzuri, amma ba wanda ya taɓa ganin lokacin da yake ci. Doguwar tafiya kuwa shi kaɗai yake yi. A gida, ni kaɗai na sani. Ya ce mini, "Goggon yara, wannan tsakanina da ke ne. Kada yaran nan su ji ubansu yana ci a hanya kamar ɗan tasha." Na ce ba za su ji ba. 'Ya'yansa sun ɗauka idan ya gaji yakan sauka a gindin wata bishiya ya ci abinci a ɓoye, ya huta, ya tashi. Ba su san ba ya sauka ba.

Akwai abin da yake yi mini wanda ban taɓa gode masa ba. Duk ranar da ya dawo, bayan ya yi wanka, sai ya jawo kujera bakin madafa ya ba ni labarin hanya. Inda dawa ta yi kyau, inda ruwa ya cinye gada, dutsen da hazo ya rufe wa kai, garken wa ya gani a fadama. Wani lokaci ya zaro mini tsada ko ɗinya daga aljihu. Ni da ban wuce kasuwa da gidan biki ba, na san hanyar nan kwana-kwana. Yakan ce, "Ai tare muka je. Ƙafa tawa, mai naki." Nakan ce ya daina zancen banza, in juya ina gyara wuta.

Ana sauran 'yan kwanaki ya yi tafiyar da ta fi kowacce tsawo, ta ƙarshe kafin gasar, babban ɗansa ya zo. Bazara ce, rana tana dukan mutum tun hantsi. Ya ce, "Baba, ko dai ka bari, ko a bi ka da mota." Hamma ya ce, "Ni gwamna ne da za a bi ni da mota?" Ɗan ya ce mutane suna magana. Hamma ya ce mutane suna magana tun kafin a haife shi. Yaron ya tashi ya tafi. Na ɗauka ya haƙura. Ashe da ya fita, sai ya kira surukin a waya, don shi ɗan yana da tafiya ranar Asabar ɗin da Hamma zai fita. Ya ce masa ya taimaka ya bi Baba a baya da mota, kada ya bar shi ya ɓace masa. Ba wanda ya faɗa mini. Don me za a faɗa mini? Ni mai dafa abinci ce.

Da asubar ranar na cika aljihu uku na rigarsa, na cika gora biyu. Ya sha kunu a ɗaki, ya sha maganinsa, ya fito. Ya ce, "Yau sai kin ji labari." Na ce ya dai dawo kafin rana ta raba. Na rufe zaure.

Bayan azahar waya ta zo daga asibiti. Kafin mu isa ya cika. Likita ya ce suga ne ya faɗi ƙasa warwas, jiki kuma ba ruwa, zuciyar tsoho ba ta ɗauka ba. Ina jin haka na ce a raina ba Hammana ba. Mutumin da yake koya wa wasu?

Da aka dawo daga maƙabarta, gab da magariba, surukin ya yi sallama ya shigo wajen mata. Yaro ne mai hankali, ɗan gidan mutunci, irin tarbiyyarmu aka yi masa. Ya durƙusa nesa da ni, kansa a ƙasa, ya turo mini leda da kayan Hamma a ciki. Idonsa ya kumbura. Ya ce, "Goggo, wallahi ban bar shi ba. Tun daga bayan Kona nake bayansa, ko tazarar kirki ban ba shi ba. Na ce a raina idan ya sauka zai ci abinci, sai in ja motar can nesa in ba shi wuri. Amma bai sauka ba. Har rana ta take bai sauka ba."

Na ce, "Ya gan ka?"

Ya ce, "Ya gan ni. Na gaishe shi ta taga, ya ɗaga hannu. Na ga yana kai hannu baya wajen ƙugu, sai ya waiwayo, sai ya mayar da hannun. Ya yi haka ya fi a ƙirga. Na ɗauka bayansa ne yake ciwo, shi ya sa na ƙara matsowa."

Na buɗe ledar. Gora biyu a cike har wuya. Rigar da nauyinta. Na zura hannu aljihu, na taɓa ledojin dabinon, suna nan yadda na jera su, rana ta narkar da su sun manne da juna. Leda ɗaya ce kawai aka fara yagewa a baki, aka bari.

Na ce masa, "Allah Ya yi maka albarka. Tashi ka je."

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ba sai liman ya tuna mini ba. Amma ina so a san sababin. Da ɗansa ne a motar, da ya tsaya ya balbale shi da faɗa ya kore shi gida. Da baƙo ne, da ya ce malam wuce. Amma suruki ne, wanda ya bar barcinsa ya zo yi masa hidima. Ba zai kore shi ba, ba zai ce masa ja baya zan ci abinci ba, don faɗin hakan ma ci ne a gabansa. Ya kamata ya juya gida, wannan gaskiya ne, taurin kai yana da shi, ba zan ɓoye ba. Ina jin ya yi ta cewa a ransa yaron zai gaji ya koma, ko zai tsaya shan mai. Yaron kuwa an ce masa kada ya bari ya ɓace masa, kuma shi ba ya saɓa maganar manya. Haka suka yi ta tafiya, kowa yana girmama kowa, har wuta ta ɗauke.

Ba hauka ba ne. Ba kuma rashin sanin aikin ba ne, ɗan Mumuye, ga amsarka. Abin da ubanmu ya koya mana ne, wanda ni ma na koya wa nawa 'ya'yan da bulala. Da a ce ya ci a gaban surukin ya dawo da rai, na kuma ji labari, na san abin da bakina zai faɗa masa. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci har yau. Na ce wa 'yata, kafin kowa ya ga takardar nan, a kai wa surukin ya karanta shi kaɗai a ɗaki. Ba shi da laifi. Na nemi mai laifin in kama, ban samu wanda zan iya riƙewa ba.

Washegarin jana'izar da safe, bayan na yi salla, na aika a kira mini surukin, don a zaure ya kwana tare da masu makoki. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ajiye rigar Hamma a gabana. Ya shigo ya durƙusa. Niyyata in faɗa masa komai, in kuma nuna masa cewa a gidan nan an gama da wannan. Ni ƙanwar surukinsa ce, a wajensa ni ma suruka ce, bai taɓa ganin ko goro a bakina ba. Na zaro wadda Hamma ya fara yagewa, na ƙarasa yage ta, na gutsura na sa a baki. Na miƙa masa sauran na ce, "Karɓi ka ci."

Bai karɓa ba. Da ya ga bakina yana motsi, sai ya yi sauri ya juya fuskarsa ga bango. Ya ce, "Goggo, bari in fita ki gama."

Ya fita. Na zauna da abin a bakina, ga zaƙi ga gishiri, daidai yadda Hamma yake so, na kasa haɗiyewa.